Rumbun Gwaggo Asiya da Buhu Biyu na Siminti

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a majalisarmu ta bakin tasha, wannan ya ce, "Sale, yaya Madina?" wancan ya ce, "Wai da gaske ne saura kaɗan a kama ka?" Shekaranjiya har a wurin ɗaurin aure wani ya matso yana raɗa mini, wai ya ji na rushe wa Larabawa gidan tarihi. To ban rushe ba. Abin da na yi bai kai haka ba, ko da yake akwai masu ganin ya fi. Bari in faɗa sau ɗaya tun daga farko, kowa ya huta.

Ni magini ne, kun sani, shekara talatin ina ɗora bulo a Kazaure da kewaye. Abin da wasu ba su sani ba shi ne ina da gwaggo a Madina, Hajiya Asiya. Mahaifinta ƙanen kakana ne. Yana saurayi ya ɗauki sanda ya nufi gabas da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana tsinkar auduga, ya tsallaka ruwa ya yi hajji, bai dawo ba. Can ya yi aure, can ya haife ta, can aka binne shi. Ita ba ta taɓa taka ƙasar nan ba, amma in tana magana a waya sai ka ce kakarka ce, don Hausarta irin wadda aka tafi da ita a ƙunshe ce ba a sake kwancewa ba. Ita ta aiko da takardun ziyara, ta ce tana so ta ga wani daga gidan ubanta kafin ta cika. Aka duba gidan, duk wanda ya fi ni kyan gani ba shi da fasfo.

Ta kuma aiko da saƙo a taho mata da daddawa, kuka da busasshiyar kuɓewa. Maiɗakina ta danna su a bokitin fenti ta ɗaure da tsumma. Daga Kazaure zuwa Kano ba wanda ya yi mini magana a mota, sai dai kowa ya sauke gilashinsa. A jirgi kuwa Allah ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan kasuwa wanda ya ce zuwansa goma sha ɗaya ke nan. Ya ce Larabci ba wuya, kalma uku sun ishi mutum: "mafi mushkila" wato ba damuwa, "kwayyis" wato da kyau, "halas" wato shi ke nan. Na haddace su kafin a kawo abinci. Shi kuma ya cinye nasa ya tambaye ni ko zan ci kek ɗina.

A filin jirgin Madina aka fara nuna mini matsayina. Akwai wani ɗan gilashi mai koren haske da kowa yake ɗora yatsu a kai ya wuce. Da na ɗora nawa, na'urar ta yi shiru. Jami'in, wani saurayi mai gyararren gemu, ya ce in sake. Na sake. Ya ba ni tishu na goge, na ɗora, shiru. Sai ya kama hannuna ya juya tafin yana dubawa kamar mai sayen fata. Ashe siminti ya cinye zanen yatsuna tas, sun yi sumul kamar bayan cokali. Ya kira wani, shi ma ya duba. Na ce musu, "Mafi mushkila." Suka tuntsire da dariya, don mushkila kam akwai ta, layi ya taru a bayana har ana tsaki da harsuna iri-iri. Daga ƙarshe ƙaramin yatsana na hagu, wanda bai taɓa yin aikin kirki ba a rayuwarsa, shi ya shigar da ni ƙasar. Haka duniya take.

Mai duba kaya ya buɗe bokitin nan ya ja da baya taku biyu. Ya tambaye ni da hannu ko mene ne. Na kai yatsu baki. Ya dube ni da irin tausayin da ake yi wa mutumin da ƙasarsu take fama da fari, ya mayar da murfin da sauri ya ce in wuce.

Wanda ya zo ɗaukata Faisal ne, autan Gwaggo, mai shekara arba'in da ɗoriya. Farar jallabiya ba ko ɗigo, turare kamar an fasa kwalba a mota. Yana jin Hausa sarai, amma bakinsa ba ya furta ta. In ce masa, "Mun same ku lafiya?" ya ce, "Alhamdu lillah, ya Ammi," wato Baffa. Haka muka yi ta yi har unguwar Ranuna, ina jefa masa Hausa yana cafewa yana maido mini da Larabci.

Gwaggo 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce kunnuwan Babanta ne sak, ta yi hawaye. Da aka buɗe daddawa kuwa sai ta yi kukan da ya fi wanda ta yi mini. Ban ji haushi ba, na san ba zan iya gasa da ita ba.

An sauke ni a ɗakin baƙi mai kafet kamar katifa da na'urar sanyi wadda ban san inda ake kashe ta ba. Kunya ta hana ni tambaya, kwana uku na yi da mura a garin da rana take soya ƙwai. Da safe wake ne dafaffe da ake ce wa ful, da wani faffaɗan burodi, tamis. Da rana shinkafa da rago. Da yamma, don a canza, shinkafa da kaza. Ga gahawa a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Ina shanyewa in miƙa kofin don a karɓa, sai a sake zubawa. Sai da na sha kofi tara zuciyata tana bugawa kamar injin niƙa, sannan Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Ka ƙarar da na baƙin gobe." Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ka ganin kowa zaune a ƙofar gida. Unguwa guda ba benci ko ɗaya. Na rasa inda suke samun labarin mutane, sai daga baya na lura kowa da wayarsa.

Zancen Masallacin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba na raha ba ne, ba zan haɗa shi da wannan ba. Na je, na yi sallama, na yi kuka, na yi wa kowannenku addu'a har da waɗanda ba su cancanta ba.

A kwana na biyar aka kai ni gonar gidan a Awali, inda gonakin dabino suke jere kowace da katangarta. Ƙaramar gona ce, mai lura da ita wani dattijo ne mutumin Tasawa ta Nijar, Idi, wanda ya shekara ashirin a can yana hawan dabino. A ƙarshen gonar akwai wani tsohon gini da Gwaggo take kira rumbu. Ba irin rumbunmu mai zagaye ba ne, ɗaki ne dogo. Daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum baƙin dutse ne irin na garin, mai huji-huji, an jera shi ba tare da an sassaƙa ba. Daga nan zuwa sama tubalin ƙasa ne da yaɓe. Kaurin bangon ya kai kamu biyu. An yi rufin da kututturen dabino da aka tsaga, kamar yadda muke yi da azara, aka shimfiɗa zarba aka zuba ƙasa. Can sama akwai 'yan tagogi masu kusurwa uku, ba su fi tafin hannu biyu ba. Da na shiga sai na ji sanyi, irin na tsohon soro, ba irin mai sa mura ba. A lungu ɗaya an yi daɓe mai gangare da 'yan kwatoci, inda ake jibge dabino ruwansa yana tsiyaya cikin tulu.

Amma idon magini abin da ya gani daban ne. Bangon gabas, inda ƙofa take, ya tsage daga sama har kan dutse, yaɓen ya ɓaɓɓanɓare kamar ƙafar mai kirci.

Gwaggo ta zauna a inuwa ta ba ni labari. Babanta ne ya gina shi da hannunsa, lokacin yana ɗan ƙodago a wurin Balaraben da yake da gonar. Sai da ya tsufa ya zama ɗan ƙasa sannan ya mallaki wannan yankin. Ta ce, "Yaran nan sun so su ture shi su gina istiraha, gidan shaƙatawa mai tafkin wanka, su riƙa ba da haya. Shekara uku ina tare ƙofa. Yanzu kuma Faisal ya ga wasu sun mayar da tsofaffin gonaki wurin shan gahawa, mutane suna tururuwa, sai ya ce ashe rumbun turas ne."

"Mene ne turas, Gwaggo?"

"Kayan gado na mutanen da. Bara ɗakin ɓeraye yake ce masa." Ta ce an ɗauko muhandis, wato injiniya, mai suna Nura, ranar Lahadi za a zo dubawa. In an rubuta cewa ginin ya cancanta, za a miƙa takarda ga masu kula da kayan tarihi, ba mai sake taɓa shi. In an ce bai cancanta ba, ta yi wa 'ya'yanta alkawari za ta kauce wa katafila.

To jama'a, ku faɗa mini gaskiya. A garinmu in an ce babban mutum zai zo duba abu, me ake yi? A share, a yaɓe, a shafa farar ƙasa har a gindin itatuwa, a ɓoye duk abin da ya tsufa a bayan gida. Na dubi bangon nan na ce a raina, injiniyan da ya ga wannan tsagar ai ko daga mota ba zai fito ba. Ga ni na ci shinkafar mutane kwana biyar ban tsinana komai ba. Sai na ce wa Gwaggo ina so a bar ni a gona wurin Idi kwana biyu, sanyin gidan ya dame ni. Ta yarda.

A ɗakin injin ban ruwa na ga buhu biyu na siminti da suka rage daga aikin tanki, ga yashi, ga cokalin gini. Na ce Allah ne ya ajiye mini. Idi ya same ni ina kwaɓawa.

Ya ce, "Malam Sale, mi za ka yi da shi?"

"Gyara zan yi wa Gwaggo, ta ga abin mamaki."

"Za ta gani kuwa. Mutanen nan hwa tsuhwan suke so."

"Wa yake son tsufa, Idi? Kai da kanka ba rina gemu kake yi ba?"

Ya shafa gemun. Can ya ce, "Kuma bizarka ta ziyara ce. In aka gan ka da cokalin gini a hannu, mota za a sa ka a mai da kai gida."

"Mafi mushkila."

"To. Ni dai na hwaɗi."

Kwana biyu na yi ina aiki daga sallar asuba zuwa hantsi, in huta, in koma bayan la'asar. Ban taɓa yin filasta mai kyan wannan ba. Na cike tsagar, na shafe bangon gabas daga sama har ƙasa, har baƙaƙen duwatsun nan na rufe don na ga ba su daidaita ba. Na fitar da kusurwa kamar an yanka da wuƙa. Da na ga akwai sauran lokaci, sai na ja layi-layi a jiki don ya yi kama da ginin bulo. Na ja da baya na duba, na ce wa Idi, "Kwayyis?" Ya ce shi dabino ya sani.

Ranar Lahadi na sa riga mai aiki na tsaya a gefen bangon. Faisal ya fara shigowa, Gwaggo tana biye da sandarta. Ya tsaya cik. Wayarsa ta faɗi cikin kwatar ruwa bai ko duba ba. Ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, da Hausa tsantsa, "Wayyo Allah! Ammi, ka kashe ni!"

Gwaggo ta ce, "Shekara arba'in ina fama ya yi Hausa." Amma ba ta yi dariya ba. Ta matsa ta shafa simintin da tafin hannunta, ta janye kamar ta taɓa wuta, ta nemi akwatin dabino ta zauna.

Ba a jima ba mota ta tsaya. Wani dattijo ya fito ɗauke da jakar kayan awo. Na tafi da sauri na riƙe hannunsa da hannu biyu na ce, "Muhandis Nura, marhaban." Ya nuna mini bayansa. Ashe a can Nura sunan mata ne. Wata matashiya ce mai tabarau, ita ta tuƙo motar ma, dattijon mai riƙe mata kaya ne. Ta zagaya bango ukun da ban taɓa ba tana shafawa tana ɗaukar hoto, kamar mai duba jariri. Da ta zo nawa sai ta tsaya, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta tambayi wanda ya yi. Duk suka dube ni. Idi ne ya zama tafinta.

Ya ce, "Ta ce aikin ya yi kyau."

"Ka ce mata na gode."

"Ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya ɓata gini da kyau haka ba."

Ta yi dogon bayani, Idi yana gutsuro mini. Wai bangon ƙasa numfashi yake yi. Laimar da take tasowa daga gona tana fita ta jikin yaɓe, in ka rufe da siminti sai ta maƙale a ciki, gishiri ya ci tubalin, bayan 'yan shekaru filastar ta faɗo da fuskar bangon gaba ɗaya. Na sunkuyar da kai, ba don maganar baƙuwa ce ba. Na san ta. Gidajen ƙasa nawa na yi wa haka a gida, bayan shekara uku a sake kirana, in dubi sama in ce ruwan bana ne ya yi yawa.

Ta ce a yadda yake ba za ta iya rubuta komai ba. Sai dai in an cire simintin ba tare da an yi wa bangon rauni ba, a mayar da yaɓen ƙasa irin na asali. Za ta dawo bayan kwana goma. Da ta tafi, Faisal ya koma Larabcinsa, amma na tsinci kalma ɗaya da na sani, "halas," yana nuna rumbun yana yin alamar turewa da hannu. Ya ce masu irin wannan aikin sai an ɗauko su daga wani gari, ba za su zo cikin kwana goma ba.

Gwaggo ba ta kula shi ba. Ni ta duba. Ta ce, "Sale, ubanka bai koya maka ƙasa ba? Babana ya ce duk gidansu magina soro ne."

Ya koya mini. Tun ina tsayin shebur nake taka ƙasa da ramno, ciyawar da ake cuɗa ƙasar gini da ita, a bayansa. Amma da na girma na ga a garinmu in an ce da mutum maginin ƙasa kamar an ce da shi matsiyaci ne, sai na binne abin, ko 'ya'yana ban taɓa gaya wa ba. Na ce, "Ya koya mini, Gwaggo."

"To kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Abin da na shafa a kwana biyu sai da na yi kwana shida ina ɓanɓara. Da ƙaramin kurfi da 'yar guduma, tafin hannu bayan tafin hannu, don in ka yi gaggawa simintin da tubali yake tahowa. Idi yana saman dabino yana duba hanya, in ya ga baƙuwar mota ya yi tari, ni kuma in jefar da guduma in ɗauki carbi. Sau huɗu na yi wannan tsoron Allah na gaggawa, duk masu sayen dabino ne. Muka haƙa rami a bayan gona inda Gwaggo ta nuna Babanta yake ɗiban ƙasa, muka zuba yankakkiyar ciyawa da ruwa muka bar ta ta ruɓa. Ranar takawa Gwaggo ta sa Faisal ya naɗe jallabiya ya shiga. Ya yi taku biyar, ya ba Idi sabuwar wayarsa ya ɗauke shi hoto, ya fito. A ranar ne kuma mota ta kawo kayan turas da ya yi oda don wurin gahawarsa: fitilun ƙwai masu tsatsa, da tuluna, da wata ƙofar katako da tsutsa ta cinye. Na juya fitila ɗaya na ga tambarin masana'anta. Har tsatsar daga Sin aka kawo ta. Wato su suna sayen tsufa a kwali, mu muna biyan magini ya ɓoye mana shi. Na rasa wanda zan fi yi wa dariya.

Rana ta shida ina aikin saman ƙofa, sai wani faifan siminti ya taho da tsohon yaɓe mai kauri a bayansa. Na ce na shiga uku, na huda bango. Da ƙura ta kwanta sai na ga ashe akwai wani yaɓen a ƙarƙashi, mai santsi, kuma a jikinsa an fitar da zane da yatsa. Dagi ne. Dagin nan namu da ke jikin zaure da hula da bayan manyan motoci. Sai dai rabinsa ne. Ɗaya rabin ya manne a bayan simintina, da ya faɗi ƙasa ya zama gari.

Aka ɗauko Gwaggo. Ta daɗe tana kallo daga ƙasa, sannan ta ce ta tuna. Tana 'yar ƙarama Babanta ya yi shi. Mai gonar ya zo ya gani ya ce wannan ƙulle-ƙullen kamar na masu sihiri ne, a kankare. Baban bai yi musu ba, ya ce to. Amma bai kankare ba, ya kwaɓa ƙasa ya rufe shi a hankali. Ta ce, "Na ɗauka ya narke tuni." Daga nan aka mayar da ita gida.

Na gama yaɓen da hannu, ba cokali, na bar sawun yatsu kamar sauran bangon, na zagaye dagin ban taɓa ba. Da muhandisa Nura ta dawo ta shafa ta shinshina, ta ce kwayyis, wannan ban buƙaci tafinta ba. Da ta ɗaga kai ta ga zanen sai ta sa aka kawo tsani ta hau da kanta. Ta ce ta duba tsofaffin gonaki da yawa a Madina, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Na yi mata bayani, Idi yana juyawa, ina ƙarawa da ɗan gishiri. Ta rubuta komai har da sunan Baban Gwaggo da garin da ya fito. Sannan ta ce tana sha'awar ganin irin wannan gini a inda aka ƙirƙire shi, ko akwai su da yawa a garinmu?

Na ce, "Ƙwarai, da yawa."

Idi bai fassara ba. Ya tsaya yana kallona.

Na ce, "To, da dai akwai."

Ta ce ina suka je?

Na ce, "Ka ce mata mun gyara su."

Ta rubuta takardarta cewa ginin ya cancanta, an miƙa, har na taho amsa ba ta fito ba, amma zancen katafila ya mutu. Faisal, wanda Idi ya ce da ko sunan Nijeriya ba ya so a ambata a gaban abokansa, yanzu ya ba da aikin buga dagi a jikin kofunan gahawa, yana gaya wa kowa kakansa babban mai zane ne daga Afirka. Shi ne ma ya kawo shawarar in cike rabin da ya ɓata, tun da na iya. Muhandisa ta ce ana yin haka in masu abu sun yarda. Ni ma na so, don in rage kunya. Har na kwaɓa ƙasa.

Gwaggo ta hana. Ta ce rabin da ya rage hannun Babanta ne, ba ta son wani hannu a kusa da shi.

Ranar da zan tafi umara, daga can kuma in wuce gida, Faisal ya tayar da mota zai kai ni Bi'ir Ali inda ake ɗaura harami. Na durƙusa gaban Gwaggo na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ranar, don ba don karambanina ba da ta mutu ba ta sake ganin zanen ba. Sannan ta ce, "Amma ka duba ikon Allah. Balarabe ya ce a kankare, bai kankaru ba. Rana ta dake shi, gishiri ya ci gindinsa, 'ya'yana sun yi masa barazana da katafila, yana nan lafiya lau. Sai da na aika gida aka turo mini ɗan'uwa."

Ta ɗora hannu a kaina ta yi mini doguwar addu'a, rabi Hausa rabi Larabci, ta ce in gaishe da kowa da kowa. Har na kai ƙofa ta kira ni.

"Sale."

"Na'am, Gwaggo."

"In ka isa Makka, don girman Allah, ko ka ga tsaga a bango, ka kau da kai."